SHARHI: Ko Jif Mai Dizal Ta Cancanci Ƙarin Kuɗin Da Ake Ɗora Mata?

A kowace shekara idan kakar citta ta kankama, kuɗi suka shiga hannun manyan manoma da 'yan kasuwa a Kachia, Kwoi, Kagarko, Zonkwa da Kafanchan, akan ga wasunsu sun nufi Kaduna ko Abuja ko Legas domin sayen mota. Mafi yawansu ba sabuwa fil suke nema ba, sai ta hannu, wato irin wadda jama'a ke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano. Masu ɗan ƙarfi a cikinsu kuwa jif suke so, saboda sun san halin hanyoyin ƙauyukansu idan damina ta sauka. A wurin dillali sau da yawa akan nuna wa mai saye jif guda biyu masu kama da juna, ɗaya mai shan fetur, ɗaya mai shan man gas, wato dizal, sannan a ɗora wa ta biyun ƙarin kuɗi bisa hujjar cewa ba ta shan mai, kuma injinta ya fi ƙarko. Abin tambaya shi ne, ko wannan ƙari ya cancanci a biya shi?

Amsar a taƙaice ita ce, ga mafi yawan masu saye a kudancin Jihar Kaduna bai cancanta ba. Akwai rukuni ƙalilan da dizal ya fi dacewa da aikinsu, amma su ma sai in sun dace da irin injin da ya kamata. Dalilan wannan hukunci na cikin tarihin farashin mai a Nijeriya, da lissafin jari, da kuma irin canjin da aka samu a ƙirar injunan kansu.

Imanin da jama'a suka yi cewa dizal ya fi sauƙi ba daga sama ya faɗo ba. A watan Oktoba na 1994, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, an tsayar da farashin litar fetur a kan Naira 11, dizal kuwa Naira 9. A farkon 1999 fetur na Naira 20, dizal na Naira 19. Ke nan a wancan lokaci mai motar dizal yana cin riba biyu: man da yake saye ya fi araha, motarsa kuma ta fi tsimin sa. Waɗanda suka yi harkar sufuri a waɗannan shekaru suna da gaskiya idan suka yabi dizal, sai dai kasuwar da suka sani ta daɗe da shuɗewa.

Tun zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo gwamnati ta janye hannunta daga farashin dizal, ta bar shi yana bin kasuwar duniya da darajar dala, alhali ta ci gaba da biyan tallafi a kan fetur. Sakamakon haka ya fito fili a 1 shekara guda da 'yan kasuwa ba za su manta ba, wato 2022. Bayan da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu na shekarar, litar dizal da ake saye kusan Naira 300 ta haura Naira 700 cikin 'yan watanni, yayin da farashin gwamnati na fetur bai kai Naira 200 ba. Duk wanda ya biya ƙari ya sayi jif mai dizal domin ya rage kashe kuɗin mai, a wannan shekara ya ga akasin abin da ya yi fata.

Al'amura sun sake juyawa a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin fetur ya ƙare. Cikin kwanaki farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu, kuma zuwa ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000 a wurare da dama. A ɗaya ɓangaren, matatar Dangote da ke Legas, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana, ta soma fitar da dizal kasuwa a 2024, ta kuma sauko da farashinsa a watan Afrilu na shekarar. Wannan ya rage tazarar da ke tsakanin man guda biyu, shi ne kuma ya sa dillalai suka sake samun bakin tallata motocin dizal. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, tazarar farashin fetur da dizal ta sauya fuska sau da dama cikin shekaru 30, kuma hukuncin gwamnati da rikicin ƙasashen waje ne suka sauya ta. Mai sayen motar da zai riƙe shekaru biyar ko bakwai bai kamata ya gina lissafinsa a kan farashin mako guda ba.

Gaskiya ne injin dizal ya fi na fetur tsimin mai. Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi, injin kuma ya fi matse iska kafin ya ƙona man, saboda haka a tafiya iri ɗaya yakan sha ƙasa da na fetur da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Amma tsimin lita daban, tsimin Naira daban. A ɗauka alal misali jif mai fetur tana shan lita 14 a kowace kilomita 100, takwararta mai dizal kuma lita 10. A wannan hali mai dizal zai ci riba ne kawai muddin farashin litar dizal bai kai ninkin na fetur sau 1.4 ba. Da zarar ya kai nan, ribar ta ƙare. Idan ya wuce, hasara ta fara.

A ƙara ɗauka, domin misali kawai, cewa fetur na Naira 1,000, dizal na Naira 1,200. Mai fetur zai kashe Naira 14,000 a kilomita 100, mai dizal Naira 12,000. Rarar ita ce Naira 2,000, wato Naira 20 a kowace kilomita. Idan ƙarin da dillali ya ɗora ya kai Naira miliyan 3, sai motar ta yi tafiyar kilomita 150,000 kafin ta mayar da wannan kuɗi. Ɗan kasuwar da ke zaune a Kafanchan, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce shago, gona, wurin ibada da zuwa Kaduna ko Jos jefi-jefi, da wuya ya wuce kilomita 15,000 a shekara. Shi sai ya jira shekaru 10. Wanda ke kan hanya kullum yana cin kilomita 40,000 a shekara kuwa, zai mayar da kuɗinsa cikin shekaru huɗu.

Ko wannan lissafi ma ya yi wa dizal sassauci, domin bai sa kuɗin da jari ke haifarwa ba. Naira miliyan 3 a hannun ɗan kasuwa ba ajiya ba ce, jari ne. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suna ba da rance a sama da haka. Ko da an ɗauka cewa kuɗin zai kawo ribar kashi 20 cikin 100 kawai idan aka juya shi a cinikin citta, masara ko taki, Naira 600,000 ke nan a shekara. A bisa rarar Naira 20 a kilomita, sai motar ta yi kilomita 30,000 a shekara kafin ta biya ribar da aka rasa, tun ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wanda tafiyarsa ba ta kai haka ba, har motar ta tsufa ba zai ga kuɗinsa ba. Kowane mai saye na iya sa alƙaluman ranar da zai saya a madadin waɗannan, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Hujja ta biyu da dillalai ke kafawa ita ce ƙarko. A nan ma akwai gaskiya, amma gaskiyar ta wani irin inji ce. Sunan da dizal ya yi a ƙasashen Afirka ya samo asali ne daga tsofaffin injuna marasa kwamfuta, irin su injin 1HZ mai silinda shida da kamfanin Toyota ya soma sa wa Land Cruiser a 1990. Irin wannan inji ba shi da gudu, amma yana jure mai maras kyau, kuma bakaniken da ya saba da manyan motocin ɗaukar kaya zai iya kwance shi ya mayar. Jif ɗin dizal da ake shigowa da su daga Turai a 'yan shekarun nan ba irinsu ba ne. Suna da turbo, da famfon da ke tura mai da matsanancin ƙarfi, da nozul masu aiki da kwamfuta. Tun daga ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta 2009 ya zama dole a sa musu matatar toka a cikin salansa, ƙa'idar Euro 6 ta 2014 kuma ta sa da yawa daga cikinsu suna buƙatar wani ruwa na musamman da ake kira AdBlue.

An ƙera waɗannan injuna ne domin man Turai, inda tun 2009 doka ta taƙaita sinadarin farar wuta a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a watan Satumba na 2016 ya nuna yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma dizal mai ɗauke da ninkin wannan sau ɗaruruwa. A lokacin, iyakar da dokar Nijeriya ta amince da ita kashi 3,000 ce cikin miliyan. A watan Disamba na wannan shekara Nijeriya, Binin, Togo, Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja za su sauko da iyakar zuwa 50, ƙungiyar ECOWAS ma ta ɗauki wannan ma'auni a 2020. Sai dai doka a takarda ba ta hana algus a kan hanya. Matafiyin da mai ya ƙare masa tsakanin Kachia da Zonkwa, ya tsaya wurin 'yan bumburutu, ba shi da hanyar sanin ko an gauraya man da kananzir ko ruwa. Tsohon inji zai yi tari ya wuce. Na zamani kuwa jarka ɗaya na iya lalata masa famfo da nozul gaba ɗaya, kuma kuɗin gyaran na iya cinye rarar man shekaru.

Daga nan sai batun kanikawa da kayan gyara. Yawancin motocin hannu da ke yawo a Nijeriya daga Amurka ake kawo su, kuma jif ɗin Amurka irin su Highlander, 4Runner da Lexus RX masu fetur ne. Wannan ya sa kasuwannin safaya kamar Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas suka fi cika da kayansu, kanikawa kuma suka fi gogewa a kansu. Idan jif mai fetur ta lalace a Kafanchan, akwai kyakkyawan zaton a tashe ta a ranar. Idan nozul na jif ɗin dizal na zamani suka samu matsala, akasari sai an kai su babban gari inda ake da na'urar gwaji, wani lokaci kuma a jira a yi odar kaya daga waje da dala. Tun bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya zuwa kusan 1,500 a farkon 2024, duk abin da za a yi oda ya zama babban nauyi. Kwanakin da mota ta yi a garejin bakanike a tsakiyar kakar ciniki su ma hasara ce, ko da ba a rubuta ta a littafi ba.

Bugu da ƙari, matatar tokar da aka ambata tana buƙatar doguwar tafiya da gudu domin ta ƙone abin da ta tara. Motar da aikinta bai wuce daga gida zuwa kasuwar Kafanchan ba, nan da nan matatar ke toshewa. Wasu kanikawa kan cire ta su jefar, amma in ba a daidaita kwamfutar motar ba, sai wata matsala ta biyo baya. Juyen baƙin mai ma ya fi tsada, domin injin dizal ya fi cin baƙin mai da yawa, filtocinsa kuma ba sa son jinkiri.

Duk da haka ba adalci ba ne a ce dizal ba shi da amfani. Ƙasar kudancin Kaduna ƙasa ce ta duwatsu da rafuka da ruwan sama mai yawa, daga Afrilu zuwa Oktoba. Mai hawan tudu daga Kagoro zuwa Manchok ya nufi Jos da kaya niƙi-niƙi, ko mai shiga ƙauyukan Jaba da Kagarko a watan Agusta, ya san amfanin injin da ke da ƙarfin ja tun yana tafiya a hankali. Tanki ɗaya na dizal ya fi nisan zango, man kuma bai kai fetur saurin kama wuta ba idan aka ajiye shi a jarka. A lokutan ƙarancin fetur da aka sha fama da su a zamanin tallafi, mai dizal yakan wuce dogon layi ya sha mai ya tafi. Ɗan kwangilar da ke aikin hanya ko rijiyar burtsatse, dillalin taki da ke rarraba kaya ƙauye-ƙauye, asibitin mishan ko ƙungiyar manoma da motarsu ba ta hutawa, waɗannan suna da hujjar biyan ƙari, musamman in sun samu inji mai sauƙin ƙira.

Amma ya kamata a rarrabe abu biyu da dillalai kan haɗa. Abin da ke fitar da mota daga taɓo shi ne tsayinta daga ƙasa, da giyar da ke jan ƙafafu huɗu, da tayoyi masu kyau. Jif mai fetur ma tana da waɗannan. Prado, Pajero, Patrol da Hilux duk ana samunsu da injin fetur. Mutumin da damuwarsa ita ce hanyar gona da damina ba lallai ne ya sayi dizal ba. Har ila yau, jigilar citta mafi yawa da rani ake yin ta, bayan an haƙe an tsaga an shanya, lokacin da hanyoyi suka bushe. Tun da jirgin ƙasa, wanda ya mayar da Kafanchan babbar mahaɗa tun shekarun 1920, ya daina ɗaukar kaso mai tsoka na kayan yankin, manyan motoci ne ke wannan aiki. Jif ba ta ɗaukar buhunan da za su biya kuɗin manta. Wanda kaya ne buƙatarsa, akori-kura ko hayar babbar mota ta fi masa, kamar yadda akori-kurar Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta yi wa iyayensa hidima shekaru da dama.

Akwai kuma abin dubawa game da gaba. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, kuma tun 2020 aka soma shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Injin fetur yana da sauƙin juyawa zuwa iskar gas, na dizal kuwa aiki ne mai wuya da tsada. Saboda haka mai fetur yana da ƙofa ta biyu a buɗe in farashi ya yi masa nauyi. A Turai ma, tun bayan badaƙalar hayaƙi ta kamfanin Volkswagen a 2015 kasuwar ƙananan motocin dizal ke ja da baya. Wannan na nufin motocin da Turawa ke rabuwa da su za su ci gaba da kwararowa, don haka babu dalilin ɗaukar jif mai dizal tamkar wani abu mai wuyar samu. A ranar sayarwa kuma, masu neman motar gida mai dizal a Nijeriya ba su kai masu neman mai fetur yawa ba, kuma kayan da masu nemansa suka yi kaɗan yakan daɗe a hannu.

Abin da ya faru a 2023 ya isa ya zama izina. A daminar wannan shekara wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta halaka amfani mai yawan gaske, har iri ya yi wuyar samu a shekarar da ta biyo. Wanda ke da kuɗi a hannu a lokacin shi ne ya iya sayen iri mai tsada ko ya juya zuwa wata sana'a. Wanda ya zuba rararsa a ƙarfe sai ya koma neman mai saye a lokacin da kowa ke cikin matsi. Sana'ar da ta dogara da damina tana buƙatar ajiyar ko-ta-kwana fiye da yadda take buƙatar mota mai tsada.

Wanda ya auna duka waɗannan ya ga har yanzu dizal ne ya dace da aikinsa, sai ya kiyaye kada ya sayi kifi a ruwa. Ya je da bakanikensa na dizal, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya nemi a tashi motar da sassafe a gabansa tun injin na da sanyi, domin injin da ya gaji a nan yake tona kansa. Ya lura da hayaƙi: shuɗi alamar ƙona baƙin mai ce, fari mai ɗorewa ko baƙi ƙirin kuma na nuna matsalar nozul ko ruwa na shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai injin na aiki a ga ko yana huci, a kuma jona na'urar bincike in motar ta zamani ce. Kada ya amince da lambar da agogon mota ya nuna, domin mayar da ita baya abu ne da aka saba. Ya tabbatar ba a juya sitiyari daga dama zuwa hagu ba, tun da yawancin motocin dizal na Ingila da Japan a dama sitiyarinsu yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Daga ƙarshe ya tantance takardun kwastan da lambar jikin motar, musamman ganin cewa a watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a kowane shinge.

A dunƙule, ƙarin kuɗin jif mai dizal jari ne kamar kowane jari, kuma tilas ya nuna ribarsa a takarda kafin a biya shi. Wanda ke cin kilomita 30,000 zuwa sama a shekara, da kaya masu nauyi, a kan munanan hanyoyi, yana da gidan mai da ya amince da shi da bakaniken da ya san aikin, ya kuma samu inji mai sauƙin ƙira, zai iya biya ba tare da nadama ba. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi rinjaye a Kafanchan da kewayenta, gara su sayi mai fetur mai lafiya, su sa mata tayoyi masu kyau, su mayar da ragowar kuɗin cikin kasuwancinsu. Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki.